Yadda ake gane adireshin da za a iya ba kwamfuta a cikin sabnet

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Aboabo, nan Kumasi, ina koyon aikin haɗa kwamfutoci a hannun wani maigida, kuma ina shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco. An ba mu aikin ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai kwamfuta 58, maigidana ya ce in yi amfani da 192.168.10.64/26. Na sa wa ta farko 192.168.10.64, ta ƙi karɓa. Na gwada 192.168.10.127 a wata, ita ma ta ƙi, alhali abin da na sani shi ne adireshin da ya ƙare da 0 da wanda ya ƙare da 255 su kaɗai ne ba a ba na'ura. Sai kuma na ga a tambayoyin gwaji an ce 172.16.5.255/22 adireshi ne mai kyau, kaina ya ƙara ɗaurewa. Don Allah a warware mini, Allah ya ƙara ilimi."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka daidai, abu biyu ne suka haɗu maka: adireshi biyu da kake ganin lafiyarsu lau kwamfuta ta ƙi su, sannan wani da kake ganin haramtacce ne an ce ya halatta. Tushen ruɗanin guda ne, wato ƙa'idar da aka koya maka ta 0 da 255. Wannan ƙa'ida gaskiya ce a wuri ɗaya tak, a sabnet, wato yankin adireshi, mai /24, kuma da yake kusan kowace rauta ta gida, wato na'urar da ke haɗa yanki da sauran yankuna, da ake sayarwa a Adum nan Kumasi tana zuwa ne da /24, yawancin masu koyo suna ɗaukar ta a matsayin doka ta ko'ina. Lambar ƙarshe ta adireshi ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka ɗora ta a kan maskinta, domin maski ne yake faɗin inda yanki ya fara da inda ya ƙare.

Abin da ke ƙarƙashin lambobin

Adireshin IPv4, wanda aka tsara tun 1981, jerin bit 32 ne, kowane bit kuwa ko sifili ko ɗaya. An raba su gaɓa huɗu, bit takwas-takwas, ana rubuta kowace gaɓa da lambar da muka saba, shi ya sa ba za ka taɓa ganin gaɓa ta wuce 255 ba. Ɗigon da ke tsakanin gaɓoɓin don sauƙin idon mutum aka sa shi, ita na'ura ba ta san da shi ba. Abin da ta sani shi ne bit ɗin hagu suna nuna yankin da take ciki, na dama kuma suna nuna ita kanta a cikin yankin, kamar sunan layi da lambar shago a kasuwar Kejetiya. Lambar da ke bayan karkatacciyar sandar nan, irin 26 ɗin da maigidanka ya ba ka, ita ce adadin bit na yanki, wato maski ke nan a taƙaice. Idan ka cire 26 daga 32, saura shida, su ne na na'urori.

Bit shida suna iya jeruwa ta hanya 64, tun daga sifili zalla har zuwa ɗaya zalla. Biyu daga cikin 64 ɗin nan an riga an ba su aiki. Idan duk bit na na'ura sifili ne, adireshin ya zama sunan yankin kansa, shi ne rauta take rubutawa a jadawalinta don ta san hanya. Idan kuma duk ɗaya ne, ya zama adireshin shela, wanda duk saƙon da aka aika masa yake faɗawa kan kowace na'ura da ke yankin. To, 64 idan aka rubuta ta da sifili da ɗaya ita ce 01000000, ka ga shidan ƙarshe duk sifili ne. Ita kuwa 127 ita ce 01111111, shidan ƙarshe duk ɗaya. Ashe ka ɗauko sunan yankin ka ba kwamfuta ta farko, ka ɗauko adireshin shela ka ba ta biyu. Da ka tsaya ka karanta saƙon da Windows ta fito maka da shi, da ka ga ta faɗi hakan ƙarara, cewa bit ɗin ɓangaren na'ura duk sifili ne ko duk ɗaya ne. Rautar Cisco kuwa a taƙaice take cewa maskin bai dace da adireshin ba. Adireshin da za ka iya rabawa su ne daga 192.168.10.65 zuwa 192.168.10.126, guda 62.

A /24 bit na na'ura takwas ne cif, wato gaɓar ƙarshe gaba ɗayanta, don haka sifili zalla yake bayyana a matsayin 0, ɗaya zalla kuma 255. Daga nan ƙa'idar da ka haddace ta samo asali.

Lissafin taki

Ba na son almajiraina su dogara da juya lambobi zuwa sifili da ɗaya a kowace tambaya, domin a ɗakin jarrabawa lokaci ba ya jira, a wurin aiki kuma mai makaranta yana tsaye a kanka. Ina so su yi shi sau goma ko ashirin har su ga abin da ke faruwa da idonsu, sannan su koma ga gajeriyar hanya, wadda nake kira lissafin taki.

Gaɓar maski ba ta iya ɗaukar kowace lamba. Banda sifili, takwas ne kawai: 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254 da 255, kowace tana ƙara bit ɗaya a kan ta baya. Waɗannan kam sai an haddace su kamar yadda aka haddace jadawalin sau a firamare. Maskin /26 shi ne 255.255.255.192, saboda 24 sun cika gaɓa uku, biyun da suka rage suka ba da 192. Sai ka nemi gaɓar da ba 255 ba ce kuma ba 0 ba ce, ka cire ta daga 256. A nan 256 a cire 192 saura 64, shi ne tsawon takinka. Yankunan suna farawa ne daga sifili suna tafiya da wannan taki: 0, 64, 128, 192. Duk adireshin da aka ba ka, ka duba tsakanin waɗanne biyu ya faɗa. A ce an ba ka 192.168.10.77/26: 77 ta wuce 64, ba ta kai 128 ba, saboda haka yankinta 192.168.10.64 ne. Adireshin shela kuwa kada ka wahalar da kanka wajen nemansa kai tsaye. Nemi farkon yanki na gaba, wato 128, ka ja baya da ɗaya, ka sami 127. Abin da ke tsakanin biyun nan shi ne rabon na'urori.

Da wannan hanya za ka ga /25 tana da taki 128 da na'ura 126, /27 taki 32 da na'ura 30, /28 taki 16 da na'ura 14, /29 taki 8 da na'ura 6, /30 kuma taki 4 da na'ura biyu rak. Kullum takin ne a cire biyu, muddin iyakar tana cikin gaɓa ta huɗu.

Inda akasarin ɗalibai suke zamewa shi ne lokacin da iyakar ta koma gaɓa ta uku, kuma nan ne tambayarka ta biyu take. Maskin /22 shi ne 255.255.252.0. Gaɓar da za ka duba ita ce ta uku, 256 a cire 252 saura huɗu, don haka yankunan suna tafiya 0, 4, 8, 12 a gaɓa ta uku, ta huɗu kuwa gaba ɗayanta ta na'urori ce. A 172.16.5.255 gaɓa ta uku 5 ce, ta faɗa tsakanin 4 da 8. Yankin ya fara daga 172.16.4.0, na gaba zai fara daga 172.16.8.0, idan ka ja baya da ɗaya ka sami 172.16.7.255, shi ne adireshin shela. Duk abin da ke tsakanin 172.16.4.1 da 172.16.7.254 na na'urori ne, guda 1,022, kuma 172.16.5.255 yana can tsakiyar gida, haka ma 172.16.6.0 da ke biye da shi. Idan kana son ka tabbatar, bit na na'ura goma ne a nan: biyu daga gaɓa ta uku, takwas daga ta huɗu. Lamba 5 ita ce 00000101, biyun ƙarshenta 01 ne, akwai sifili a ciki, saboda haka goman ba su zama ɗaya zalla ba, komai yawan ɗaya da 255 ta kawo.

Ka gwada da wani mafi faɗi don hannunka ya faɗa: 10.20.37.200/20. Maskin 255.255.240.0 ne, taki 16, yankuna 0, 16, 32, 48. Lamba 37 ta faɗa a na 32, yankin ya zama 10.20.32.0, shela 10.20.47.255, na'urori 4,094. Ka lura ban ko kalli 200 ɗin ba, don ba ta da ta cewa a wannan lissafi.

Zan faɗa maka abin da nake yi a aikace, ko da yake ya ɗan saɓa da amsar jarrabawa. A takarda 172.16.5.255/22 halal ne, kuma idan aka tambaye ka haka za ka amsa. Amma idan ina tsara DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, a babban yanki, nakan ware masu ƙarewa da 0 da 255 na tsakiya in ajiye su gefe, saboda na sha cin karo da tsofaffin firintoci da kyamarori masu araha da aka rubuta manhajarsu da irin ƙa'idar da kai ma ka zo da ita, sai su ƙi adireshin ko su ƙi yin magana da mai shi. A /22 adireshi shida ne kawai za ka rasa cikin dubu da 'yan kai, bai kai asarar yini guda kana neman laifin da babu shi ba.

Tsofaffin dokoki da wuraren da "a cire biyu" ba ta aiki

Idan kana karatu da tsofaffin takardu, irin waɗanda ake ta kwafa ana miƙa wa juna, za ka iya cin karo da maganar cewa ana cire biyu daga adadin yankunan ma, wato ba a amfani da yanki na farko da na ƙarshe. Wannan ta samo asali ne daga takardar ƙa'ida mai lamba RFC 950 ta 1985, lokacin da adireshi suke da aji A da B da C, kuma rauta ba ta aika maski tare da hanya, sai yankin farko ya rikice da sunan babban netwok ɗin. Bayan zuwan tsarin CIDR a 1993, wanda ya kawo wannan rubutu na sanda da lamba, dalilin ya kau, kuma Cisco ta mayar da amfani da yankin sifili abin da rauta ke zuwa da shi tun daga manhajarta ta IOS 12.0. A yau /24 idan aka raba ta /26 yanki huɗu take bayarwa, duk huɗun kuma ana aiki da su.

Ita ma "a cire biyu" ta na'urori tana da inda take tsayawa. Tun shekarar 2000, RFC 3021 ta halatta /31 a kan layin da ya haɗa rauta biyu kai da kai, inda adireshi biyun duka ake amfani da su, tunda babu wanda za a yi wa shela sai mutum ɗaya da ke ɗaya bakin. /32 kuwa na'ura guda take nufi. A ɗaya gefen, idan wata rana ka yi aiki da sabar haya ta Amazon Web Services, za ka tarar suna riƙe adireshi biyar a kowane sabnet, huɗun farko da na ƙarshe, sai /26 ta ba ka 59 maimakon 62. Haka idan kamfanin intanet ya sayar wa ofis /29, mai ofis yakan ji an ce takwas ya fara murna, alhali biyu sun tafi, ɗaya kuma na rautar kamfanin ne, biyar ne nasa.

Akwai kuma adireshin da lissafin taki zai ce maka lafiya lau, amma an keɓe su don wani abu dabam. Duk wanda ya fara da 127 na kwamfuta ne da kanta, tana magana da kanta. Wanda ya fara da 169.254 kwamfuta ce take laƙaba wa kanta idan ta nemi DHCP ba ta samu ba, don haka idan ka gan shi a ɗakin makarantar nan, ka duba waya ko suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, ko rauta, kada ka tsaya lissafi. Daga 224 zuwa 239 na aika saƙo ga rukuni ne, ba a ba na'ura. Su kuwa 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, waɗanda RFC 1918 ta keɓe a 1996, su ne na cikin gida da kowa ke iya amfani da su ba tare da izinin kowa ba. Mai tambayar jarrabawa yana son na tsakiyan nan, domin /12 tana tsayawa ne a 172.31.255.255, kuma ɗalibai da yawa suna ɗauka 172.32.0.1 ma na cikin gida ne.

Adireshi mai kyau da maski mara kyau

Kuskuren da ka yi mai sauƙi ne, tunda kwamfuta ta tsayar da kai nan take. Wanda ya fi cin rai shi ne wanda na'ura take karɓa ba gardama. Shekarun baya an kira ni wani ofis a wajen Asawase, inda firinta take aiki ga ma'aikatan ɗaki ɗaya, amma ta yi kunnen uwar shegu da na ɗaya ɗakin. An canza waya, an canza suwic, har an fara zancen sayen sabuwa. Ofishin an raba shi /26 ne, firintar tana 192.168.10.70, adireshi mai kyau a yankin 64, sai dai wanda ya saita ta ya bar mata maskin da ta zo da shi, 255.255.255.0. Kwamfutar da ke 192.168.10.20 takan aika aiki ta rauta ya iso lafiya, amma idan firinta ta tashi amsawa, sai ta duba maskinta ta ga ai 20 maƙwabciyarta ce, ta tsaya tana kiranta a cikin ɗaki maimakon ta miƙa amsar ga ƙofar fita, wato rauta. Mai lamba 20 kuwa tana wani yanki, ba ta jin kiran. Gyaran bai wuce canza 0 zuwa 192 ba, amma sai da ya ci mini rabin yini, saboda ni ma adireshin nake ta kallo ban kalli maskin ba. Tun daga ranar, na'urar da aka ce tana yi wa wasu aiki tana ƙin wasu, maskinta nake fara buɗewa.

Na biyu da nake yawan gani shi ne a sa wa kyamara ko firinta adireshi da hannu a cikin kewayon da DHCP ke rabawa. Komai zai tafi daidai har ranar da aka ɗauke wuta, ka kuwa san halin dumso, wato yawan ɗauke wuta, a garin nan. Wuta na dawowa, idan rautar ƙarama ce da ba ta riƙe lissafin wanda ta ba me, wata kwamfuta ta riga kyamara tashi ta karɓi lambarta, sai a wayi gari na'ura biyu suna rigima a kan adireshi ɗaya.

Komawa ga ɗakin makarantar

Ban ga rautarku ba, ban kuma ga yadda maigidanka ya raba sauran 192.168.10.0 ba, don haka abin da zan faɗa a kan lambobin da ka ba ni kawai ya tsaya. Kana da adireshi 62. Ƙofar fita, wato bakin rauta da ke kallon ɗakin, za ta ɗauki ɗaya, kuma bisa al'ada akan ba ta na farko, 192.168.10.65, ko da yake babu dokar da ta hana a ba ta na ƙarshe. Kwamfutocin ɗalibai 58, ta malami ɗaya, firinta ɗaya, ga ƙofa: 61 ke nan, saura ɗaya tilo. Idan suwic ɗin irin wanda ake shiga a saita ne, shi ma yana son nasa, shi ke nan gida ya cika maƙil. Zai yi aiki a ranar da kuka miƙa makulli, amma ranar da shugaban makaranta ya sami gudummawar kwamfuta biyar, ko aka ce a sa Wi-Fi malamai su hau da wayoyinsu, za a kira ku a ce aikinku ya lalace. Ni a wurina, yankin da zai cika fiye da kashi uku cikin huɗu tun ranar farko ya yi kaɗan.

Shawarata ita ce ka je wa maigidanka da lissafin a rubuce, cikin ladabi, ka tambaye shi ko za a iya ba ɗakin /25, mai ɗaukar 126. Sai dai ka kiyaye wani tarko a nan: ba za ka iya ɗaukar 192.168.10.64 ka canza mata /26 zuwa /25 kawai ba. Takin /25 shi ne 128, yankunansa biyu ne, 0 da 128, babu wanda yake farawa daga 64. Idan ka yi haka, kwamfutocin za su ɗauki kansu 'yan yankin 192.168.10.0/25, su haɗiye adireshin 0 zuwa 63 da wataƙila an riga an ba ofishin makarantar. Kowane yanki dole ya fara a kan lambar da takinsa ke rabawa ba saura, kuma wannan ne dalilin da ya sa idan ana yanka /24 gida-gida ake fara yanka wa babba, sannan mai bi masa, ƙananan su zo a ƙarshe su cike gurbi. Wanda ya fara da ƙanana yakan tarar yana da adireshi da yawa a warwatse, amma babu inda babban yanki zai zauna.

Idan rabin sama ba kowa a ciki, ɗakin ya koma 192.168.10.128/25: ƙofar fita 129, suwic da firinta da kwamfutar malami tsakanin 130 da 139 da hannu, DHCP kuma ya raba daga 140 zuwa 254, wato adireshi 115, shela tana 255, maski 255.255.255.128 a kan kowace na'ura har da firinta. Idan kuwa an riga an ba wani wurin, babu abin da ya hana a buɗe wa ɗakin 192.168.11.0/24 sukutum, tunda adireshin cikin gida ba sidi ko ɗaya ake biya a kansa ba. Idan maigida ya ce a bar shi a /26 ɗin, to ka sa ƙofa a 65, suwic a 66, firinta a 67, kwamfutar malami a 68, DHCP daga 69 zuwa 126, wanda ya ba ka 58 daidai wa daida, sannan ka rubuta wannan rabo a takarda ka manna a cikin akwatin suwic, ka kuma gaya wa shugaban makarantar tun yanzu cewa ɗakin ba zai ɗauki ko na'ura ɗaya a kan haka ba sai an sake rabo.